Gwaggona da Bangon Gidan Tahuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun ina shekara huɗu ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji, ta rasu ranar Talata da hantsi a shuggarmu, wato sashenmu na wani gidan bene a unguwar Rusaifa ta Makka, hawa na uku, cikin ɗakin da ba ta taɓa yarda ta kira shi nata ba. Da azahar aka yi mata salla a Harami. Kafin magariba an jera wa maza kujeru a ƙasa, mu kuma mata mun cika falo har bakin ƙofa.

Tsofaffin maƙwabtanmu suka zo daga inda aka warwatsa su. Kowacce da abin da ta tuna. Wata ta ce, "Hajiya akwai zafi, amma ba ta taɓa bari mutum ya koma da hatsinsa ba a niƙa ba." Wata ta ce ita har yau idan ta ji ƙamshin gero sabon niƙa sai ta waiwaya. 'Yan mata na can kusurwa da wayoyinsu suna yi mata addu'a da Larabci, sai na ji 'yar ƙanwata ta tambayi ta kusa da ita, "Ya'ni mene ne Tahuna ɗin da suke ta faɗa?" Babu wadda ta sani a cikinsu. Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki biro.

Daga ƙasa kuma kukan Baffa ke tasowa, ƙanin Gwaggo, autansu. Kuka yake da ƙarfi har muna jinsa a hawa na uku, maza na ba shi haƙuri. Iya na zaune a bakin ƙofa, tsohuwar da ta yi wa Gwaggo tankaɗe shekara da shekaru. Ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Ta saurari kukan, ta gyara mayafinta, ta ce, "Shi dai ruwa bai taɓa yi masa wuyar samu ba."

Tsofaffi suka sunkuyar da kai. Sun gane. Waɗanda ba su gane ba, don su nake rubutun nan.

Lungun Tahuna babu shi yanzu, dole in kwatanta. Idan an fito daga unguwar Jarwal aka haura gefen dutse, can yake. A zamanin kakana ƙauye ne a wajen gari, 'yan gidaje na dutse kewaye da gidan niƙa. Tahuna ke nan a bakin mutanen Makka, wato babban dutsen niƙa da raƙumi ke juyawa. Kakana magini ne daga ƙasar Kano. Ya taho a ƙafa, ya sauke farali, ya zauna. Shi ya gina gidan niƙan da baƙin dutsen Makka, ya haɗa da laka da farar ƙasa, bango mai kauri har mutum ya iya zama a bakin taga ya miƙe ƙafa. A sama ya sa roshan, irin tagar katakon nan mai turowa waje, sassaƙaƙƙiya raga-raga, mace ta zauna ciki ta ga titi, titi bai gan ta ba. Amma a saman ƙofa sai ya zana dagi irin na gidajen Kano, ya kuma tayar da zanko a kusurwoyin soro. Balarabe ya wuce ya ga gidan garinsu, Bahaushe ya wuce ya ga nasu.

Lokacin da na yi wayo raƙumi ya daɗe da tafiya, inji ne ke aiki, gari kuma ya haɗiye ƙauyen. Amma dutsen na nan a tsakiyar ɗakin niƙa, Gwaggo ba ta yarda a motsa shi ba. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ba ta haihu ba, ba ta sake aure ba. Ta dawo gidan ubanta ta karɓi injin. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ita da Baffa duka Uwata suke ce mini.

Kullum da safe, kafin ta sha shayi, sai ta zaga gidan tana shafa bango da tafin hannu. Na taɓa tambayarta me take nema.

"Sanyi nake nema, Uwata," in ji ta. "Idan bangon nan ya yi sanyin da ba nasa ba, to ruwa ya shige shi. Ba ya tsoron rana, ba ya tsoron shekaru. Ruwa kawai."

Duk shekara kafin azumi sai ta jiƙa farar ƙasa ta shafe gidan, ita da kanta take hawa tsani ta bi dagin da yatsa. Shekarar da maƙwabcinmu ya kawo ma'aikata za su fasa bangon da muka haɗa da shi don su sa na'urar sanyi, ta fito da muciya a hannu ta tsaya a wurin. Ya ce, "Ya Hajja, zafi zai kashe mini yara." Ta ce, "Kawo su ɗakina su yi barcin rana, ka ji abin da ubana ya gina." Wata uku ba sa gaisawa. Amma yaransa a ɗakinta suka yi barcin rana har zafin ya wuce, kuma bangon ba a taɓa shi ba.

Iya kuwa daga Damagaram ta zo aikin hajji, mijinta ya rasu a Mina, ba ta da wanda za ta koma wa. Ta zauna babu takarda. Gwaggo ta gan ta a titin Mansur tana tallan goro tana waige-waige, ta ce mata, "Kin iya tankaɗe?" Daga ranar ta ba ta ƙaramin ɗakin da ke bayan ɗakin niƙa. Kwano ɗaya suke ci. Duk wanda ya tambaya sai Gwaggo ta ce, "Ƙanwata ce," da murya irin wadda ba a ƙara tambaya bayanta.

Sai otal-otal suka fara haurowa gefen dutsen. Wani kamfani ya sa ido a kan lungunmu. Maƙwabta suka fara sayarwa ɗaya bayan ɗaya, ba na ganin laifinsu, gidajensu ne. Gwaggo ta ce nata ba na sayarwa ba ne. A daidai lokacin wata malamar jami'a ta zo da ɗalibanta suka yi kwanaki suna aune-aune da zane. Malamar ta tsaya gaban ƙofarmu ta daɗe tana kallon dagin, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan haɗin a Makka ba. Ita ta taimaka aka rubuta takarda, a roƙi a sa gidan niƙan da sauran gidaje biyu da suka rage cikin kayan tarihi. Aka amsa cewa lajna, wato kwamitin hukuma, za ta zo ta duba ranar wata Litinin. Idan ginin na da lafiya, akwai fata.

Ban taɓa ganin Gwaggo cikin farin ciki irin na makon nan ba. Ta shafe gidan ba lokacin shafe ba. Ta sa aka wanke dutsen niƙa.

Baffa shi ne mai bin takardu a danginmu, sana'arsa ke nan, daga wannan ofis zuwa wancan. Da mahaifina ya rasu, mu 'ya'yansa muka ba shi wakilci a kan rabonmu na gidan. Ni ma na sa hannu, ban karanta ba. Baffana ne.

Ranar Laraba ya zo da fara'a, ya zauna a kan tabarma kusa da Gwaggo.

"Yaya, kin gaji," ya ce. "Na kama mota. Ku je Madina ke da Uwata ku yi ziyara, ku roƙa wa gidan nan nasara a Rauda. Asabar ku dawo."

Ta ce ba za ta bar gida ba ana saura kwana biyar. Ni ce na lallashe ta. Na ce, "Gwaggo, addu'a ta fi shafe." Ta dube ni, ta yi dariya, ta ce, "Tayyib, tunda uwata ta ce." Wannan maganar tawa ita ce nake ɗauke da ita har yau.

Asabar da la'asar muka dawo. Tun daga bakin lungu muka ga mutane. Bangon baya na ɗakin niƙa ya zube gaba ɗaya, ya danne injin, ya ja rabin rufin. Laka ta kwararo har titi. Baffa na tsaye yana tafa hannu yana salati. "Tsufa ne, Yaya. Alhamdu lillahi da ba kwa ciki."

Gwaggo ta wuce shi. Ta tsallaka ɓaraguzan, ta sunkuya, ta damƙo laka a hannu ta matse. Ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsunta. Wata bakwai ba a yi ruwan sama a Makka ba.

Litinin lajna ta zo. Ba na zarginsu, abin da suka gani suka rubuta: gini mai haɗari, a fita. Kwana kaɗan bayan haka Baffa ya sa hannu da wakilcinmu da nasa rabon ya sayar wa kamfanin, ya zamana Gwaggo ita kaɗai ce ta rage a kan gidan da aka hana ta kwana ciki. Mijina ya ɗauko ta ya kawo ta Rusaifa, ita da Iya da akwati biyu.

Sai da aka yi wata guda Iya ta iya buɗe baki. Ina yi wa Gwaggo tsifa da yamma, ta shigo ta durƙusa. Ta ce tun ranar Alhamis da safe Baffa ya zo da motar ruwa, ya ce wa maƙwabta tankin gida za a cika. Aka haƙa rami a gindin bangon baya, aka sa bututu a ciki. Mota ta ƙare, wata ta zo. Wuni biyu ana yi. Ita Iya ta fito ta ce, "Alhaji, bangon ne fa kuke shayarwa." Ya jawo ta gefe ya ce, "Ke, ina takardarki? Waya ɗaya zan buga, gobe kina cikin jirgi." Ta koma ɗakinta ta kwashe 'yan kayanta, ta zauna a tsakar gida tana jin bangon yana ƙara.

"Hajiya, ki yafe mini," ta ce. "Tsoro na ji."

Gwaggo ta kama hannunta ta ɗaga ta. "Ke ba ki da laifi. Ya zaɓi shaidar da ya san ba za ta iya tsayawa gaban kowa ba. Ni na goya shi, na san kansa."

Na ce mu kai ƙara. Gwaggo ta ce, "Da bakin wa? In kai ƙanwata a tambaye ta takarda?" Ta zaɓi Iya a kan gidan. Wannan shi ne abu mafi girma da na ga ta yi, kuma shi ya fi ci mata rai.

Amma kada wani ya ɗauka ta haƙura. Daga ranar ba ta sake kiran Baffa da kowane suna ba. "Mai bututu" take cewa. Ranar salla ya zo da 'ya'yansa, sai ta rungume yaran, ta cika musu hannu da alewa, shi kuma ta juya masa baya ta fuskanci bango har ya gaji da tsayuwa. Ya aiko da buhun shinkafa, ta sa a mayar. Ya aiko da malamai su yi sulhu, ta ba su shayi, ta saurare su tsaf, sannan ta ce, "Ku tambaye shi mota nawa ya kawo. Idan ya faɗa, ku dawo." Ba su dawo ba. Da aka zo auren 'yarsa ta fari ta je, ta yi wa amarya lalle da hannunta, ta sa mata albarka. Baffa ya ƙaraso yana murmushi a zatonsa an huce. Ta ce da ni da ƙarfi, "Uwata, tashi mu tafi, ƙasan nan ta fara laushi."

Shekara uku bayan rushewar aka buɗe otal a wurin. Wata maƙwabciya ta gaya mana ta ga roshan ɗinmu a ciki. Na so in ɓoye wa Gwaggo, amma ta riga ta ji. Ta ce in kai ta.

Muka shiga ina tura ta a keken guragu, don ƙafafunta sun fara gazawa. Falo mai sanyi, marmara ko'ina. A bayan inda ake sayar da gahawa, ga roshan ɗin kakana an kafa shi a bango, an shafa masa mai yana sheƙi, an haska masa fitila. Baƙi na ɗaukar hoto a gabansa. Babu taga a bayansa, siminti ne. Gwaggo ta daɗe tana kallo. Sannan ta yafito wani ma'aikaci mai kwat.

"Wa ya kafa wannan?" ta tambaye shi da Larabci.

Ya ce, "Kayan tarihi ne, ya Hajja, daga wani tsohon gidan Makka."

"Na san gidan. Kun kafa shi a kife. Ƙasansa kuka mayar sama. Ka ga ramin nan? Wurin ajiye tulu ne, iska ta sanyaya ruwa. Yanzu ka ajiye tulu in gani."

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. Ta ce in juya ta mu tafi. A mota ta tambaye ni, "Dagin fa?" Na ce na laka ne, Gwaggo, ba ya ciruwa. Ta ce, "To. Wanda ya nuna mu ne suka bari a ƙasa." Daga ranar ta daina shafa bango da safe, al'adar da ko a Rusaifa ba ta bari ba.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ranar Litinin da la'asar, kwana ɗaya kafin rasuwarta, ta sa Iya ta fita, ta ce in matso. Muryarta ta yi ƙasa amma hankalinta garau.

"Uwata, zan tafi inda ake tambaya. Ba na son in isa da kaya a kai. Ki gaya wa ƙanina abin da ya yi mini na yafe." Ƙanina ta ce, karo na farko a shekara takwas. Ta huta, ta ƙara, "Nawa kaɗai. Na Iya ba nawa ba ne."

Na ce, "To, Gwaggo."

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a kan matakala tsakanin hawa na biyu da na uku, ya tsufa, rawaninsa a karkace, yana riƙe da ƙarfen bene. Ya ce, "Uwata, an ce ke ce a kanta a ƙarshe."

"Ni ce."

"Ta ambace ni?"

"Ta ambace ka."

Ya ce, "Me ta ce? Don Allah, Uwata. Ba na barci."

Na dube shi. Wannan hannun ne ya miƙo mini takardar wakilci ya nuna mini inda zan sa suna. Wannan bakin ne ya ce mu je mu roƙa wa gidan nasara.

Na ce, "Baffa, saƙon na wurina. Mata na sama, duk mutanen Lungun Tahuna da suka rage. Iya na bakin ƙofa. Matakala goma sha biyu ne tsakaninka da su. Ka hau ka faɗi abin da ka yi wa bangon, ka roƙi Iya gafara a gabansu. Kana gamawa, a wurin zan gaya maka."

"Haba Uwata. A gaban mata? A gaban 'ya'yana?"

"A gabansu."

"Amana ce fa aka ba ki. Ki ji tsoron Allah."

"Ina ji," na ce. "Ni ma an taɓa karɓar tawa."

Ya ɗaga kai ya kalli saman matakalar. Wallahi na ga ƙafarsa ta motsa, na zaci zai hau. Sai muryar wata daga cikin matan ta fito tana dariyar wani tsohon labari na gidan niƙa. Ya saki ƙarfen, ya juya, ya sauka a hankali yana dafa bango.

Na san hukuncin abin da nake yi. Mijina ya gaya mini, malamar da nake karatu a wurinta ta gaya mini: saƙon mamaci ba a riƙe shi. Gwaggo ta fi ni, ta sauke nata ta tafi. Ni ban kai can ba. Na rubuta saƙon a nan don kada in mutu da shi, amma na rubuta shi da Hausar boko, wadda Baffa bai taɓa koyon karantawa ba, 'ya'yansa kuwa ko jin ta ba sa yi sosai. Duk wanda ya karanta ya ga dama ya kai masa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Daga bakina dai ba zai ji ba sai ya hau.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya gina mata gida a Aljanna wanda babu mai iya fitar da ita. Allah ya ba Iya haƙƙinta. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sassauta mini zuciya, amma ba yau ba.

Yau kwana arba'in. Sau biyu ina hango motarsa ta tsaya a ƙofar gidanmu, ta daɗe, ta tafi. Na gaya wa mijina kada a kulle ƙofar bene.